Kundin Mafarki da Halin Zuciyar Baƙo: Misali daga Hausawan Legas

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta yi bayani a kan rubuta mafarki a littafi na musamman, wanda za mu kira kundin mafarki, da irin amfanin da yake da shi ga Bahaushen da neman abinci ya kai shi nesa da gida. An ɗauki misali daga zaman Hausawa a Legas, musamman Ebute Metta da Agege, inda aiki ya ajiye marubucin. Abin da ake son a nuna shi ne, Bahaushe ya daɗe yana ba da labarin mafarki domin a faɗa masa abin da zai faru gobe, amma bai saba ajiye shi domin ya gane halin da zuciyarsa take ciki yau ba.

2.0 Mafarkin da ake kai wa malam

Fahimtar Bahaushe game da mafarki ta ginu ne a kan rabe-raben da hadisi ya zo da shi, wato mafarki iri uku ne: akwai ru'uya ta gaskiya daga Allah, akwai na tsoratarwa daga Shaiɗan, sa'an nan akwai zancen zuci, wato abin da mutum ya kwana yana saƙawa. Na farkon shi ne ake kai wa malam, shi kuma ya duba littafin da ake jinginawa ga Ibn Sirin (ya rasu 728) ko kuwa na Abdulgani Nabulusi (ya rasu 1731), ya fassara. Na biyun an umurci mutum ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari, kada ya faɗa wa kowa. Na ukun kuwa ba shi da mai karɓa. Da zarar malam ya ce zancen zuci ne, to magana ta ƙare.

Rubuta mafarki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta da kansa, a ɗan littafinsa na wuridi, abin da aka nuna masa yana ɗan shekara 40 da 'yan watanni, wajen 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Daga nan ne Mervyn Hiskett ya samo sunan littafinsa na 1973. Tun kafin wannan, wani sufi mutumin Bijaya ta ƙasar Aljeriya, Muhammad Zawawi, ya tara mafarkai 109 a kundi guda, tun daga 1447 har wajen shekara goma. Sai dai duk waɗannan rubuce-rubuce na nau'in farko ne, kuma na manyan bayin Allah. Ɗan dako a kasuwar Oyingbo, wanda ya kwana yana mafarkin rijiyar gidansu, ba ya cikin wannan lissafi.

3.0 Baƙo da zancen zuci

Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, Ebute Metta, inda hedkwatar hukumar jiragen ƙasa take, ta zama ɗaya daga cikin wuraren da mutumin Arewa yake fara sanin Legas. Agege kuwa cinikin goro ne ya raya zangonta, har ta zama gari mai Sarkin Hausawa da tsangayu da jikokin da ba su taɓa ganin Kano ba. Amma har yanzu akwai ɗimbin mutanen da iyalinsu suke gida, su kuma suna kwana mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya. Wasu sun ga rikicin Ketu na 1999, ko na Idi-Araba na 2002, ko na Mile 12 na 2016, da idonsu. Tarbiyyar da muka taso da ita ta kunya da dauriya ba ta ba namiji damar ya ce kewa ta dame shi ko tsoro ya hana shi barci. In an tambaye shi, amsa ɗaya ce: sai godiya.

To, abin da baki ya ƙi faɗa yakan fito a mafarki. Binciken da Calvin Hall da Robert Van de Castle suka buga a Amurka a 1966, bayan sun ƙididdige abubuwan da ke cikin mafarkai masu yawa, ya ƙarfafa ra'ayin cewa mafarki ci gaba ne na damuwar da mutum yake yini da ita, kuma jerin mafarkan mutum ɗaya ya fi mafarki guda bayyana shi. Wannan kuwa, in an duba, ba wani abu ba ne illa zancen zucin da malamanmu suka sani tuntuni. Bambancin kawai shi ne, su sun ajiye shi gefe domin ba ya ɗauke da bushara.

Zan kawo misali daga nawa kundin. Na daɗe ina mafarkin ina tsohuwar tashar jirgi, ba sabuwar da aka buɗe a 2021 ba, jirgin Kano yana shirin tashi, ni kuwa ina laluben tikiti ban gani ba. Da mafarki ɗaya ne, da na ce tafiya ce za ta kama ni. Sai da na bi kwanakin watan da na rubuta, na ga ashe ba ya zuwa sai in na yi wa mahaifiyata alkawarin zuwa na saɓa. Ba malamin da zai iya gano wannan, domin ba a cikin mafarkin yake ba, a cikin kwanakin yake.

4.0 Harshen da ake rubutawa da shi

A nan ne lamarin ya shafi manazarta harshe. Labarin mafarki a Hausa yana da nasa tsari, kamar yadda tatsuniya take da nata. Mu dubi waɗannan:

(1) Wai ina tsaye a tasha, wai kuma tashar tsakar gidanmu ce.
(2) Sai ga Inna, sai ta miƙo mini ƙwarya, sai na farka.

A (1) an buɗe da lokaci mai ci, tare da kalmar wai, wadda a zance na yau da kullum take nuna cewa mai magana ji ya yi, bai gani ba. Abin lura shi ne, mai mafarki shi ne ya gani, amma duk da haka yana cewa wai. Ke nan harshen ya ba shi hanyar da zai tsaya gefe ya kalli kansa kamar wani ne daban, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ake nema a bitar kai. A (2) labarin ya koma shuɗaɗɗen lokaci na biyu, sai tana jan sai, ba tare da dalili ya haɗa su ba, har a rufe da farkawa. Mai sauraro kuma ya ce Allah ya sa alheri ne. Na gwada rubutawa da Ingilishi na ɗan lokaci, sai na iske ina cusa dalilai a tsakanin al'amura, ina gyara mafarkin ya zama labari mai ma'ana. Da Hausa ban ji wannan tilas ba.

Haka kuma yana da kyau a riƙa rubuta harshen da kowa ya yi magana da shi a cikin mafarkin. Yaron da aka haifa a Agege, wanda kakarsa take yi masa faɗa da Hausa a mafarki shi kuma yana amsawa da Yarbanci, ya ba mai nazarin cuɗanyar harsuna abin da takardar tambayoyi ba za ta ba shi ba.

5.0 Yadda ake yi, da inda ya tsaya

Tun 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Shikago cewa akwai matakin barcin da idanu suke motsi da sauri, kuma a nan aka fi yin mafarki mai armashi. Matakin yana dawowa kusan duk bayan minti 90, kuma ya fi tsawo gab da asuba. Saboda haka mai tashi sallar asuba yana farkawa ne a daidai lokacin, amma kafin ya gama alwala yawancin mafarkin ya gudu. Sai a ajiye littafi da biro kusa da matashi, a rubuta layi uku ko huɗu tun kafin a miƙe: kwanan wata, abin da aka gani, yadda zuciya ta ji, da abin da ya faru jiya. Kada a yi gaggawar fassara. Bayan wata ɗaya a koma a karanta daga farko.

Matsalar sirri ba ƙarama ba ce a ɗakin haya. Ajami yana ɓoye wa maƙwabcin da ba Bahaushe ba, amma ba ya ɓoye wa abokin kwana da aka yi makarantar allo tare, don haka gara a sakaya sunaye. Game da mummunan mafarki kuwa, ko rubuta shi ya shiga cikin faɗin da aka hana, wannan hukunci na malamai ne. Abin da ni nake yi shi ne in rubuta kwanan wata da cewa na yi firgita, in bar sauran. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna ko abin yana ƙaruwa. Idan mafarki ɗaya na tashin hankali yana ta maimaituwa makonni, yana hana mutum barci da neman abincinsa, kundi ba zai warkar da shi ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda asalinsa ya koma 1907, yana nan kusa da Ebute Metta, kuma kwanakin da aka rubuta su ne abu na farko da likita zai so ya gani.