Matar da Ba a Nuna Fuskarta

Yau zancenmu a kan majigin zane ne, wanda yara ke kira katun. Daga Kazaure har Ɓaɓura, daga Roni har Gwiwa, da wuya ki zaga unguwa da almuru ba ki tarar da yara sun taru kan wayar wani suna kallon Tom da Jerry ba. Mu kuwa mukan ce ai kyanwa da ɓera ne kurum.

To, ki lura da tsofaffin. Daga 1940 zuwa 1952 akwai wata baƙar mace da ke fitowa ciki, ƙatuwa, da silifas da tsintsiya. In ba faɗa take yi ba, ta haye kujera don tsoron ɓera. Galibi ƙafafunta da hannuwanta ake nunawa, ban da fuska. Haka masu zane na Amurka suke siffanta baƙar mace a wancan zamanin. Baƙaƙen fatar ƙasar sun yi ta ƙorafi kafin a daina sa ta.

Duba kuma gimbiyoyin kamfanin Disney. Snow White ta 1937 da Cinderella ta 1950 duk farare ne, aikinsu shara da wanke-wanke, har ɗan sarki ya zo ya cece su. Sai a 2009 kamfanin ya yi baƙar gimbiya, Tiana, ita ma yawancin wasan a siffar kwaɗo ta yi shi.

Kada ki ce wasan yara ne. Ran nan na ce wa 'yan ajina su zana gimbiya. Ko ɗaya ba ta zana mai kitso ba, duk gashi har baya da farar fata. Yarinyar da ta tashi da wannan hoto a zuciyarta, wa zai hana ta neman man canza fata gobe?

Ban ce a hana su kallo ba. Ki zauna tare da su, ki tambaya: ina fuskar matar nan? Me ya hana gimbiya ceton kanta? Ki nemo musu Bino da Fino, wanda Adamu Waziri ya shirya a nan Nijeriya, yaran ciki kamar namu. Da dare kuma ki ba su labarin Daurama da Amina ta Zazzau, matan da suka riƙe ƙasa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.