Uigurawa: Asalinsu da Gadon Alƙalamin Magabatansu

Yawancin masu sauraron labaran duniya sun san Uigurawa ne ta rahotannin tsare mutane da takura wa Musulmi a Xinjiang, arewa maso yammacin ƙasar Sin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan al'umma mai mutum fiye da miliyan 11 tana da tarihin rubutu da ya haura shekara dubu, kuma ba daga tsatso ɗaya ta fito ba. Jama'a iri-iri ne suka cakuɗa suka haife ta, adabin da take tinƙaho da shi kuma gado ne na gidaje biyu da suka daɗe ba sa ga-maciji.

Uigurawan farko makiyaya ne masu magana da harshen Turkawa, mazauna filayen Mongoliya. A shekarar 744 suka haɗa kai da wasu ƙabilu suka tumɓuke daular Turkawan da ke mulkarsu, suka kafa tasu, suka gina birnin Ordu-Balik a kwarin kogin Orkhon. Ƙarfin dawakinsu ya kai har sarakunan Tang na Sin suka nemi agajinsu lokacin tawayen An Lushan. Uigurawa suka taya su ƙwato birnin Luoyang a 757 da 762, daga nan kuma suka riƙa sayar musu da dawaki suna karɓar siliki da tsada. Bayan yaƙin na biyu ne sarkinsu Bogu ya karɓi addinin Mani, wanda fataken Sogdiya, mutanen Samarkand da Bukhara, suke yawo da shi a kan hanyoyin fatauci. Daga waɗannan fatake Uigurawa suka ari haruffan da suka zama rubutunsu.

Daular ba ta cika shekara ɗari ba. Fari da annoba da rikicin sarauta suka raunana ta, sai Kirgizawa suka auko daga arewa a 840 suka ƙone babban birnin. Jama'a suka watse. Wasu suka sauka Gansu, inda jikokinsu, Yugurawa, suke bin addinin Buddha har yau. Mafi tasiri su ne waɗanda suka nufi Turfan, suka kafa masarautar Koco.

Ba kango suka tarar ba. Garuruwan da ke kewaye da hamadar Taklamakan, irin su Kuca da Karashahar da Hotan, sun daɗe da mutane manoma masu harsunan da ke da dangantaka da na Farisa da Indiya da Turai, masu gidajen ibada da ɗakunan littattafai. Baƙi suka auri 'yan gari, suka bar yawon kiwo suka kama noma da kasuwanci, harshen Turkawa kuma ya rinjayi tsofaffin harsunan a hankali. Baƙon ya ba da harshe, ɗan gari ya ba da addinin Buddha da zaman birni.

A Koco aikin fassara ya bunƙasa. An juyo Maitrisimit, dogon labari kan Buddhan da mabiyansa ke jiran zuwansa, daga harshen Tokhariya, ɗaya daga cikin tsofaffin harsunan yankin. Wani malami ɗan Beshbalik, Shingko Sheli Tutung, ya fassara Altun Yaruk daga Sinanci. Akwai addu'o'in mabiya Mani da na Kiristoci, da takardun bashi, da na cinikin gona, da na magani. Busasshiyar iskar hamada ta adana su, har ayarin masu bincike na Jamus suka kwashe dubbai zuwa Berlin tsakanin 1902 da 1914. Da Koco ta yi mubaya'a ga Jengis Khan a 1209, Uigurawa suka zama magatakardan daular Mongol. Haruffansu ne asalin rubutun Mongol da ake yi daga sama zuwa ƙasa, daga shi kuma na Mancu ya fito.

Koco ita ce gida na farko, na biyu kuma yana yamma. A Kashgar da Balasagun wasu Turkawa, Karakhanawa, suka kafa mulki, sarkinsu Satuk Bugra Khan, wanda ya rasu a 955, ya musulunta. Bayan fiye da ƙarni ɗaya 'ya'yan masarautarsu suka fitar da littattafai biyu da suka zama harsashin adabin Musulunci a harshen Turkawa.

Na farko shi ne Kutadgu Bilig, wanda Yusuf ɗan Balasagun ya kammala a Kashgar wajen 1070. Sarki ya saka masa da muƙamin Has Hajib, babban bafaden da sai ta hannunsa ake ganin sarki. Waƙa ce 'yar ƙwar biyu mai baiti fiye da 6,500, a karin Mutaƙarab, karin da Firdausi ya yi Shahnama da shi. Manufarta nasiha ga masu mulki, kamar wadda Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, sai dai Yusuf ya saƙa tasa cikin labari. Sarki Kun Togdi yana wakiltar adalci, wazirinsa Ay Toldi yana wakiltar sa'a. Waziri ya mutu, domin sa'a ba ta dawwama, ɗansa Ogdulmish, mai wakiltar hankali, ya gaje shi. Sai sarki ya aika a kira Odgurmish, mai zuhudu da ya keɓe a dutse, ya zo ya yi wa jama'a hidima. Muhawarar da ta biyo baya ita ce zuciyar littafin: bautar Allah a keɓe ta fi, ko ɗaukar nauyin talakawa a fada? Yusuf ya bar kowane ɓangare ya kawo hujjarsa cikakkiya. A tsakani ya zayyana halin da ya kamaci sarkin yaƙi da jakada da ma'aji da mai dafa abincin sarki, da yadda za a zauna da manoma da fatake da mawaƙa. Kwafi uku suka tsira, suna Vienna da Alƙahira da Tashkent.

Na biyu shi ne Diwanu Lugatit Turk na Mahmud al-Kashgari, wanda ya fara a 1072, aka miƙa wa Halifa al-Muƙtadi a Bagadaza. A lokacin Turkawan Saljuk ne ke riƙe da takobin halifanci, sai Mahmud ya ga ya kamata Larabawa su koyi harshen masu iko. Ya zaga ƙabilun Turkawa, ya tara dubban kalmomi ya bayyana su da Larabci, ya kafa hujja da karin magana da waƙoƙin yaƙi da na farauta da na makoki, ya nuna inda karin harshen wannan ƙabila ya saɓa wa na waccan, ya kuma zana taswirar duniya. Kwafi ɗaya tak ya rage, wanda aka rubuta a Dimashƙa a 1266, wani mai suna Ali Emiri ya tsinto shi wajen wani mai sayar da littattafai a Istanbul a farkon ƙarni na 20.

Abin lura shi ne, Mahmud bai kira kansa Ba'uigure ba. A wurinsa Uigurawa su ne maƙwabta masu bin Buddha, har ya kawo waƙoƙin da ke kirarin harin da aka kai musu. Sai a ƙarni na 15 zuwa na 16 Musulunci ya game Turfan, gidajen biyu suka zama ɗaya, sunan Uigur kuma ya kwanta. Mutane suka riƙa kiran kansu Musulmi, ko su jingina kansu ga garinsu, suna rubutu da harshen Cagatai da haruffan Larabci. Wani taro a Tashkent a 1921 ne ya farfaɗo da sunan, hukumar Xinjiang ta karɓe shi a shekarun 1930.

Saboda haka ba Uigurawa kaɗai ke da'awar wannan gado ba. Uzbekawa na cewa harshensu ma daga na Karakhanawa ya fito, Kirgistan ta sa hoton Yusuf a takardar kuɗinta, a Turkiyya kuma ana karantar da littattafan biyu a makarantu. Kowa da hujjarsa. Amma a Kashgar aka kammala Kutadgu Bilig, a Turfan aka tono takardun Koco, kuma jikokin mutanen garuruwan nan biyu ne ke amsa sunan Uigur a yau. Duk mai son auna abin da za a rasa idan harshensu ya raunana a makarantu da gidajensu, to daga waɗannan littattafai zai fara lissafi.