Yadda Kamfanoni Ke Ɗora Sassauƙan Harsunan Kwamfuta A Kan Manyan Sabobinsu

A watan Satumba na shekarar 2006, kamfanin Sun Microsystems na ƙasar Amurka, wanda ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na Java, ya ɗauki waɗansu injiniyoyi biyu aiki, wato Charles Nutter da Thomas Enebo, ya kuma ɗora musu nauyin inganta wata manhaja mai suna JRuby. Aikin wannan manhaja shi ne ta sa shirye-shiryen da aka rubuta da harshen Ruby su yi aiki a cikin injin Java. Matakin ya ba mutane da dama mamaki, ganin cewa a lokacin ana kallon Ruby a matsayin kishiyar Java. Amma dalilin kamfanin na ciniki ne tsantsa, kuma har yanzu dalilin yana shafar duk wani banki, ko kamfanin inshora, ko na sadarwa da ya zuba jari a kan manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa.

Mece ce sabar ayyuka?

Sabar ayyuka wata babbar manhaja ce da ke zaune tsakanin abokin ciniki da rumbun bayanan kamfani. Idan mutum ya nemi sanin abin da ya rage a asusunsa ta intanet, ita ce ke karɓar buƙatar, ta tabbatar da ko shi wane ne, ta miƙa wa shirin da ya dace, sannan ta mayar da amsa. Ita ce kuma ke tabbatar da cewa idan an cire kuɗi daga wani asusu to sun shiga ɗayan, in kuwa an sami tangarɗa a tsakiya, a mayar da komai yadda yake tun farko. Ana iya kwatanta ta da ginin kasuwa na zamani wanda mai shi ya tanadi masu gadi, da wutar lantarki, da ruwa, da sito, ta yadda ɗan kasuwa zai kawo hajarsa kawai ya baje.

Harshen Java ya fito ne a shekarar 1995, kuma a ƙarshen 1999 kamfanin Sun ya fitar da ƙa'idojin J2EE waɗanda suka fayyace yadda irin waɗannan sabobi za su yi aiki. Manya daga cikinsu sun haɗa da WebSphere na kamfanin IBM, da WebLogic na kamfanin BEA Systems, da JBoss, da kuma GlassFish na shi kansa Sun. Girman kasuwar ya fito fili daga cinikin da aka yi a kanta. A 2008 kamfanin Oracle ya sayi BEA a kan dala miliyan dubu 8 da miliyan 500, sannan a farkon 2010 ya kammala sayen Sun a kan dala miliyan dubu 7 da miliyan 400.

Inda matsalar ta taso

Duk da ƙarfin waɗannan sabobi, gina shiri a kansu a shekarun farko yana cin lokaci da kuɗi, domin ko da ƙaramin shafi ne sai an yi dogon rubutu da saituna masu yawa. Ana cikin haka sai waɗansu harsuna masu sauƙin rubutu suka fara karɓuwa. Akwai Python wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, da Ruby na Yukihiro Matsumoto ɗan Japan wanda ya fito a 1995, da PHP na Rasmus Lerdorf wanda shi ma ya fito a wannan shekara. Abin da ya bambanta su da Java shi ne mai rubutu yana iya gwada abin da ya rubuta nan take, ba sai ya jira an harhaɗa shirin baki ɗaya ba.

A kan waɗannan harsuna aka gina abin da ake kira harsashin shafuka, wato shiryayyen zubi da ke ɗauke wa mai rubutu ayyukan da ake maimaitawa kullum, kamar yadda mai buga bulo ba ya ƙera sabon zubi don kowane bulo. A 2004 David Heinemeier Hansson ɗan ƙasar Denmak ya fitar da Ruby on Rails, sannan a 2005 aka fitar da Django, wanda aka fara ginawa da Python a ofishin wata jarida da ke garin Lawrence na jihar Kansas. Da waɗannan kayan aiki, mutum biyu ko uku suna iya gama abin da a da sai babban ayari.

Nan ne shugabannin kamfanoni suka shiga tsaka mai wuya. Matasan ma'aikatansu suna son sababbin harsunan saboda sauri, su kuwa masu kula da na'urori da masu binciken kuɗi ba su yarda a kawo wani tsari dabam da ba a tantance tsaronsa ba, alhali an riga an biya lasisi mai tsada, an kuma horar da ma'aikata a kan sabar da ke akwai. Mafitar da aka samo ita ce a sake gina harsunan kansu a cikin injin Java, ta yadda sabar za ta karɓe su kamar 'yan gida.

Yadda dabarar ke aiki

Asirin al'amarin yana cikin injin Java. Wannan inji, wanda manhaja ce ba ƙarfe ba, ba ya karanta harshen Java kai tsaye. Abin da yake karantawa waɗansu gajerun umarni ne da ake juya shirin zuwa gare su. Saboda haka duk harshen da za a iya juya shi zuwa waɗannan umarni zai iya aiki a cikinsa. Jim Hugunin ne ya fara nuna haka da Python a 1997, a aikin da daga baya aka sa wa suna Jython. A 2001 Jan Arne Petersen ya fara JRuby, wanda cikakken fitowarsa ta farko ta zo a 2007. Kamfanin Caucho Technology kuma ya samar da Quercus domin PHP a kan sabarsa mai suna Resin. Har ila yau akwai harshen Groovy, wanda tun asali don injin Java aka ƙirƙire shi, tare da harsashinsa na Grails da ya kai fitowa ta farko cikakkiya a 2008.

A aikace, mai shirin Rails yana rubuta shirinsa yadda ya saba, sannan ya yi amfani da wata ƙaramar manhaja mai suna Warbler wadda ke tattara shirin, da JRuby, da sauran ƙunshe-ƙunshen da ake buƙata, ta ƙulle su a fayil guda mai nau'in WAR. Wannan shi ne irin ƙunshin da sabobin Java suka saba karɓa, don haka mai kula da sabar zai ɗora shi kamar yadda yake ɗora kowane shiri. Idan buƙata ta shigo daga intanet, sabar za ta miƙa ta ga wata gada mai suna JRuby-Rack, ita kuma ta fassara ta zuwa sigar da Rails ya sani, sannan ta dawo da amsar ta wannan hanya.

Shi ma injin an yi masa gyara domin baƙin. Java 6 da ya fito a ƙarshen 2006 ya zo da hanyar kiran waɗannan harsuna daga cikin shirin Java, yayin da Java 7 na 2011 ya ƙara wani sabon umarni da aka tanada musamman don ƙara musu sauri.

Ribar da ke ciki

Riba ta farko ita ce kare jarin da aka riga aka zuba. Sabon shirin yana amfani da hanyoyin tsaro, da na'urorin sa ido, da layukan shiga rumbun bayanai waɗanda kamfani ya daɗe da tantancewa. Bugu da ƙari, shirin da aka rubuta da Ruby yana iya kiran tsohon shirin Java kai tsaye, misali wanda ke lissafin kuɗin ruwa ko haraji, ba tare da an sake rubuta shi ba.

Riba ta biyu ta shafi cin moriyar na'ura. Asalin manhajar Ruby tana da wani makulli da ke hana layukan aiki biyu gudanar da umarnin harshen a lokaci guda a cikin shiri ɗaya, haka ma Python ya daɗe da irinsa, sai a 2024 aka fitar da nau'in gwaji marar makullin. Injin Java ba shi da wannan tarnaƙi. Tun daga fitowar Rails 2.2 a watan Nuwamba na 2008, shiri guda a kan JRuby yana iya amsa buƙatu masu yawa a lokaci ɗaya, maimakon a kunna kwafi goma ko ashirin kowanne na cin nasa wuri.

Riba ta uku ita ce sauƙin sayarwa. Kamfanin ThoughtWorks ya fitar da manhajarsa ta Mingle a 2007 a kan JRuby, abin da ya sauƙaƙa girka ta a wurin abokan cinikin da suka riga suka saba da Java.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai kuma dabarar tana da nata nauyi. Injin Java yana ɗaukar lokaci kafin ya tashi, kuma ba ya kai cikakken saurinsa sai ya ɗan jima yana aiki. Kazalika, da yawa daga cikin ƙunshe-ƙunshen Ruby da Python an rubuta waɗansu sassansu da harshen C ne, waɗanda ba sa shiga injin Java cikin sauƙi, sai an nemo madadinsu. Idan kuma shiri ya sami matsala, ana buƙatar ma'aikacin da ya san harsunan biyu, irin waɗannan kuwa ba su da yawa, kuma albashinsu ba kaɗan ba ne.

Haɗari mafi girma shi ne a bar kamfani a baya. Jython ya tsaya a kan Python na 2, wanda aka daina kula da shi a watan Janairu na 2020. Tun daga Django 2.0 da ya fito a ƙarshen 2017, harsashin ya daina aiki da Python na 2, don haka duk wanda ya gina kasuwancinsa a kan Django da Jython ya wayi gari ba shi da hanyar sabuntawa. A watan Nuwamba na 2013 Oracle ya ba da sanarwar daina sayar da tallafi ga sababbin fitowar GlassFish. TorqueBox, wanda aka gina don Ruby a kan JBoss, shi ma an daina raya shi. A 2017 Oracle ya miƙa ƙa'idojin sabobin ga gidauniyar Eclipse, aka sake musu suna Jakarta EE, kuma canjin sunayen cikin gida da ya biyo baya a 2020 ya tilasta gyara gadoji da dama.

Manhajar da ba a sabuntawa kuwa ƙofa ce a buɗe ga ɓarayi. A 2017 an sace bayanan mutane kimanin miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka ta wata ɓaraka a harsashin Apache Struts, alhali an riga an fitar da maganin ɓarakar tun kafin kutsen.

Halin da ake ciki yanzu

Fitowar Docker a 2013 da Kubernetes a 2014 ta canja lissafin. Yanzu ana iya sa kowane shiri a cikin nasa kwantena tare da duk abin da yake buƙata, ko da wane harshe aka rubuta shi, a kuma kula da su duka ta hanya guda. Wannan ya rage dalilin cusa Ruby ko Python cikin sabar Java. Duk da haka dabarar ba ta mutu ba. JRuby ya kai fitowa ta 10 a 2025, manhajar tattara bayanai ta Logstash tana amfani da shi, masu kula da WebLogic da WebSphere kuma da Jython suke rubuta umarninsu na gudanarwa. Kamfanin Oracle yana ci gaba da wannan tunani ta aikin GraalVM.

Ga 'yan kasuwar Nijeriya, batun ya fi shafar bankuna da kamfanonin da ke hulɗa da su. Bankunan ƙasar da dama suna amfani da manyan manhajoji na ƙetare irin su Finacle, da Flexcube, da T24, kuma lasisin irin waɗannan kayayyaki da kuɗin waje ake lissafa shi, wanda tsadarsa ta ƙaru matuƙa bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023. A watan Janairu na wannan shekara ta 2023 Oracle ya koma cajin lasisin Java bisa yawan ma'aikata, inda farashin da ya sanar ya fara daga dala 15 a kan kowane ma'aikaci a wata. Bisa wannan farashi, kamfani mai ma'aikata 500 zai biya dala 90,000 a shekara, ko da yake akwai nau'o'in Java na kyauta irin su Eclipse Temurin da Amazon Corretto.

Saboda haka, kafin shugaban kamfani ya sa hannu a kan irin wannan aiki, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi huɗu daga ma'aikatansa: wa ke kula da gadar da za a dogara da ita, kuma yaushe aka sabunta ta, shin dukkan ƙunshe-ƙunshen da shirin ke buƙata suna aiki a injin Java, mutum nawa ne a kamfanin za su iya gyara shi idan wanda ya rubuta ya bar aiki, sannan nawa lasisi da tallafi za su ci a cikin shekaru biyar. Idan sabon shirin zai riƙa kiran tsofaffin shirye-shiryen Java a kai a kai, ɗora shi a kan sabar da ke akwai yana da riba. Idan kuwa alaƙarsu ba ta wuce musayar saƙonni ba, ware masa kwantenarsa ya fi araha, ya kuma fi sauƙin sauyawa ranar da buƙatar hakan ta taso.