Wata Biyar a Granada: Harshe Ne Mabuɗin Gari

A farkon watan Fabrairun 2023 na sauka a birnin Granada da ke kudancin Sifaniya, riƙe da jaka guda da takardar amincewa in yi zangon karatu ɗaya a jami'ar garin, ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Erasmus+ na Tarayyar Turai. Ina aji uku a sashen tarihi a wata jami'a ta Arewa. Tun dawowata ɗalibai ke tambayata yadda ake samun gurbin da nawa ake biya, amma ba wanda ya tambaye ni abin da ya kusa kayar da ni. Shi nake son in gabatar wa mai karatu a wannan makon.

Jami'ar Granada tsohuwa ce, an kafa ta a 1531 zamanin Sarki Carlos na Biyar, kuma tana cikin jami'o'in Turai da suka fi karɓar ɗaliban musaya. Tsarin a fili yake: ɗalibi zai ɗauki kwasa-kwasai kamar biyar masu nauyin maki 30 a zango, jarrabawa kuma ana auna ta daga 0 zuwa 10, wanda ya gaza kai 5 ya faɗi. Kafin in taso na yi wata uku ina koyon Sifaniyanci a waya, na kuma ɗauka Turancina zai cike giɓin da ya rage. A lacca ta farko a harabar Cartuja na gane baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mutanen Andalus suna magana da sauri, suna haɗiye harafin ƙarshen kalma, har abin da na haddace ya zo kunnena da wata kama. Na yi awa biyu ina gyaɗa kai, littafina babu ko layi biyar.

A nan tarkon yake. Ɗaliban musaya daga Jamus da Italiya da Poland da sauransu suna da tasu duniyar: Turanci suke yi a tsakaninsu, su ci tare, su yi yawon buɗe ido tare. Na shiga cikinsu saboda sauƙi. Sati shida ina Sifaniya, amma hirata da 'yan ƙasar ba ta wuce gaisuwa da tambayar farashi ba. Sai ga gwajin tsakiyar zango, na samu maki 3.5. Na zauna a bakin gado ina tuna alkawarin da na sa wa hannu, da mahaifina da ya sayar da rago biyu ya haɗa mini guzuri, da kunyar komawa gida in maimaita zango. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

Abu biyu suka cece ni. Na farko, al'adar da suke kira "tutoría", wato sa'o'in da kowane malami ke warewa a mako domin ɗalibai su same shi a ofis. Na je wurin malamar da na faɗi gwajinta ina ɗari-ɗari, domin ni ɗan ƙasar da ba a kiran malami da sunansa ne, alhali su a can ɗalibi kan kira farfesa da sunan yanka ba tare da an ga rashin ladabi ba. Ta karanta takardata ta ce, "Tarihin ka san shi, harshen ne ba ka da shi. Da wa kake magana idan ka bar aji?" Na rasa amsa.

Na biyu, tsohuwar da nake haya a gidanta, a gindin tsohuwar unguwar Albaicín. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, shi ya sa nake guje mata. Daga ranar na fara zama da ita a kicin da ƙarfe biyun rana, lokacin da suke cin babban abincinsu, domin na dare sai tara ko goma. "Ɗana," haka take kirana da harshensu, "sake faɗa, ban ji ba." Ina yanka albasa tana gyara mini magana. Da na bayyana mata ba na cin naman alade, wanda ya cika kasuwanninsu, sai ta ware mini tukunya, ba ta sake tayar da zancen ba.

A kicin ɗin nan na fara jin wani abu da ya ba ni mamaki. Ta ce "azúcar", na ce mu sukari muke cewa. Ta ce "aceituna", na ce zaitun. Kofin shayi "taza", mu muna da tasa. Kalmarsu "hasta" ita ce hatta, kuma "alcalde", shugaban gari a wurinsu, asalinsa ɗaya da alƙalinmu. Larabci ne ya bi ta teku ya shiga bakinsu, ya bi ta Sahara ya shiga namu. Daga nan harshen ya daina zame mini katanga.

Shi ma garin sai ya fara buɗe mini. Granada ita ce Garnaɗa ta littattafanmu, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi ranar 2 ga Janairun 1492. Fadar Alhambra tana nan bisa tudu, bayanta duwatsun Sierra Nevada da ƙanƙara a kansu. Madarasar da Sarki Yusuf na Ɗaya ya gina a 1349 yau mallakar jami'ar ce. A wannan birni aka haifi Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙin da ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya bi shi Mali, ya rasu a Tambutu a 1346, kuma shi ake danganta wa ginin masallacin Jingarebar. Wato shekara ɗari bakwai da suka wuce ɗan Granada ya riga ni yin irin wannan tafiya, sai dai shi kudu ya nufa. A kansa na yi aikin da na gabatar a gaban aji a ƙarshen zango, da Sifaniyanci mai ɗingishi amma mai tafiya.

Azumi ya riske ni a can. Kwana kaɗan da farawa suka tura agogo gaba da awa guda kamar yadda suke yi a ƙarshen Maris, buɗa-baki ya tashi daga wajen bakwai da rabi zuwa takwas da rabi. A wannan shekarar azumin ya haɗu da Makon Alfarma na Kiristoci, sai in ratsa jerin gwanonsu da ganguna da kyandira in hau tudu zuwa Babban Masallacin Granada da aka buɗe a 2003, in sha ruwa tare da 'yan Maroko da Senegal da 'yan ƙasar da suka musulunta. Harshen da ya haɗa mu a kan tabarmar nan Sifaniyanci ne. Idan na dawo gida, sai in tarar tsohuwa ta rufe mini miya ta ajiye don sahur.

A watan Yuni na ci kwas huɗu, na biyar kuma na tsallake shi da 5 daidai. Ba sakamakon alfahari ba ne, amma na san kuɗin da na biya kafin in same shi.

Ga ɗalibin da ke neman irin wannan dama, shawarata ita ce ya fara koyon harshen tun shekara guda kafin tafiya, ya nemi masauki tare da 'yan ƙasa ko da ya fi takura, ya kuma tabbatar an rubuta kwasa-kwasan da za a amince masa da su a gida kafin ya hau jirgi. Ga jami'o'inmu kuwa, sa hannu kan yarjejeniya ba ya wadatarwa. A tanadi darasin harshe ga wanda za a tura, a sauƙaƙe shigar da sakamakonsa idan ya dawo, domin nawa sai da ya yi watanni yana zagaya ofisoshi.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma gaskiya ne. Sai dai na ga waɗanda suka yi wata biyar a Granada suka koma da hotuna kawai. Ranar da zan taso, tsohuwa ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce "ojalá" in dawo wata rana. Kalmar ma daga Larabci suka aro ta, ma'anarta idan Allah ya so. Na amsa mata da harshenta, ba tare da na tsaya neman kalma ba.