Turunku Na Bayan Gidanmu, Mu Kuwa Muna Ɗaukar Hoto A Kajuru

Duk lokacin da aka tayar da maganar yawon buɗe ido a Jihar Kaduna, a jarida ko a talabijin, hoton da ake fara ɗorawa shi ne na ginin dutsen nan na Kajuru. Kwanan nan ma an maimaita, har na ji wani saurayi a tashar Kawo yana rantse wa abokinsa cewa fadar sarakunan da ce. Ba haka ba ne. Wani Bajamushe ne ya gina abinsa a shekarun 1980, bisa salon gidajen sarautar Turai. Gini ne mai kyau, ban hana kowa zuwa ba, amma da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun girme shi.

Tsohon garin dutse na gaske shi ne Turunku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi, wadda da zarar ka bar Kawo ka nufi Rigachikun ka shiga ƙasarta. Dalilin zama a gindin dutse sananne ne: tsaro, ruwa da ƙasar noma. Haka Kano ta tashi a Dala, haka Kufena ta tara jama'a kusa da Zariya.

Abin da ya bambanta Turunku shi ne sarautar Zazzau ta zauna a can kafin ta koma inda take a yau. Jerin sarakunan Zazzau ya sanya Bakwa Turunku a matsayi na 22, wajen shekarar 1536. Har yau masana na jayayya ko Bakwa namiji ne ko mace, amma ruwaya ta tafi a kan 'ya'ya mata biyu: Amina, da ƙanwarta Zariya wadda birnin ya ci sunanta. Amina kuwa ba tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya kuma nuna cewa a Atagara ta rasu. Littafin Tarihin Kano ya ce shekara 34 ta yi tana yaƙi, Nufawa suka aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sai dai shi wannan littafi ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, a ƙarni na 15, alhali lissafin Zazzau ya kai ta ƙarshen ƙarni na 16. Tazarar ta haura shekara ɗari. Wa zai warware wannan in ba masu haƙa ƙasa su bincika ba? Ga Jami'ar Ahmadu Bello da sashenta na binciken kayan tarihi, ga Gidan Arewa a nan cikin Kaduna. Mun raɗa wa makaranta suna Amina a Kakuri, mun raɗa wa ɗakunan kwanan ɗalibai, an yi fim da sunanta a 2021, amma tushenta mun bar wa ciyawa da zaizayar ruwa. Wannan abin kunya ne.

Italiyawa ba su fi mu duwatsu ba, sun dai fi mu riƙo. Garinsu San Jiminyano, ɗan ƙarami a kan tudu, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1990, yau baƙi ke ciyar da shi. Sukur ta Adamawa ma ta shiga a 1999.

Wanda ya yi niyyar zuwa Turunku, ya fara tambayar lafiyar hanya, ya yi sammako, ya fi kyau da rani. In ya isa, ya fara kai gaisuwa wajen masu gari, su za su haɗa shi da wanda zai nuna masa sauran ganuwa, da inda suke cewa nan kabarin Bakwa yake, da duwatsun da suke dangantawa da Amina. Ya saurari dattawa, kada ya ɗauke ko da tsingaro ɗaya.

Ga hukumomin jiha da na Igabi: a kewaye wurin, a kafa allunan bayani da Hausa, a naɗi muryoyin tsofaffin garin tun suna raye. Ku kuma shugabannin makarantun Kawo, zangon karatu mai zuwa ku kai yaranmu Turunku.