Funfuna da Tarkacen Gona: Matsalar Kalmomin Kimiyya a Hausa

1.0 Gabatarwa

Kwandere gari ne na Gwandara da ke kusa da Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa wadda aka ƙirƙiro a 1996. Ana noman shinkafa da rogo da masara da doya a yankin, kuma Hausa ce ke haɗa manomansa da maƙwabtansu a kasuwa. Bayan girbi akan bar tulin ɓuntun shinkafa da ɓawon rogo da totuwar masara, wasu su ruɓe, wasu a cinna musu wuta. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda masana kimiyya ke amfani da funfuna wajen mayar da irin wannan tarkace abin amfani, tare da duba ko kalmomin Hausa sun isa a yi wa manomi wannan bayani.

2.0 Yadda Aikin Yake

Mafi yawan jikin kara da ɓuntu selulos ne, wato ƙwayoyin sukari da suka sarƙe da juna tamkar igiya, sannan wani abu mai tauri da ake kira lignin ya lulluɓe su. Cikin ɗan'adam ba ya iya narkar da wannan igiya. Funfuna kuwa takan fitar da wasu sinadarai, enzayim, waɗanda ke daddatse ta har ta koma sukari, sannan ta tsotse.

Wannan ɗabi'a ce masana suka mayar sana'a. Akan shanya tarkacen, a niƙa, a yayyafa ruwa ya yi danshi, a turara shi don kashe sauran ƙwayoyin halitta, sannan a barbaɗa irin funfunar da aka zaɓa. Bayan 'yan kwanaki a ɗumin da bai wuce digiri 30 ba, sai a zuba ruwa a tace. Ruwan da aka tace shi ke ɗauke da enzayim, kuma ya fi aiki a zafin digiri 50. Da shi ake tausasa abincin dabbobi, ko a fitar da sukarin da za a mayar man etanol.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1894 wani Bajapane, Jokichi Takamine, ya yi rajistar hanyar samar da enzayim daga funfunar Aspergillus oryzae da ya raina a kan dusar alkama. Ita kuwa Trichoderma reesei, wadda masana'antu suka fi dogara da ita wajen narkar da selulos, an tsince ta ne tana cin tantunan sojojin Amurka a tsibiran Solomon lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai ɓuntun shinkafa, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, yana da taurin kai saboda silika da lignin da ke cikinsa. Dusa da ɓawon rogo sun fi sauƙin ci ga funfuna.

3.0 Inda Kalmomi Suka Gaza

Masu fassara sukan kira enzayim da sinadari kawai, alhali gishiri da kanwa da maganin feshi duk sinadarai ne. Abin mamaki, Bahaushiya ta daɗe da sanin aikinsa: mai dama kunun zaƙi takan zuba tsiron hatsi ko dankali a cikin gasara mai kauri, sai ta tsinke ta yi zaƙi. Don haka aro kalmar, tare da kafa misali da tsiro, ya fi ƙirƙirar doguwar jimla da ba mai riƙewa.

Matsalar funfuna ta fi wannan haɗari. Kalma ɗaya ce ta ƙunshi Aspergillus niger, wadda ake rainon zaɓaɓɓun nau'o'inta don wannan aiki, da 'yar'uwarta Aspergillus flavus, mai fitar da gubar aflatoksin a gyaɗa da masara, gubar da ke jawo ciwon dajin hanta. Idan malamin gona ya ce a rediyo funfuna na inganta ɓawon rogo, manomi na iya ɗaukar masarar da ta yi funfuna a rumbu ya zuba wa kajinsa. Launi ma ba ya raba gardama, domin flavus da oryzae duk kore-kore ne. Abin da ya bambanta su shi ne wata zaɓo ta aka yi aka shuka, wata kuwa da kanta ta fito. Manomin Kwandere yana da kalmomin wannan bambanci a gonarsa, wato shuka da gyauro, kuma ana iya cewa funfunar shuka da funfunar gyauro.