Gwani Ba Ya Karɓe Muciya

A jihar Kolorado ta Amurka, duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau ba ya samun lasisin farauta sai ya yi kwas ya karɓi shaida. Amma ana yi wa sabon shiga rangwame: takardar ɗan koyo ta shekara guda, bisa sharaɗin ba zai leƙa daji ba sai da gwani a gefensa. Cikin masu neman takardar akwai magidanta 'yan birni da ba su gaji harbi ba, sai da furfura ta fara tsirowa sha'awar ta taso musu.

Koyar da irin waɗannan tamkar koya wa amarya tuƙin tuwo ne a gidan miji. Wadda ta tashi a gindin murhu ba ta san ranar da ta iya ba. Hannunta ne ya san kaurin talge. Ita kuwa amaryar nan, komai sai an faɗa mata da baki, ga kunyar tambaya. Uwargida mai gajen haƙuri, da ta hango gudaji, sai ta ce, “Kawo nan, ƙanwata.” Tuwo ya yi kyau, amarya tana nan jiya i yau.

Haka gwani yake ji a duwatsun Roki idan ɗalibinsa ya tunkari elk, ƙatuwar barewar nan da namijinta kan kai kilo 300, alhali iska na bayansa. Da asuba iska gangarowa take yi daga tsauni, rana na ɗagawa ta juya sama. Dabbar da hanci take tsaro, tana jin warin mutum sai ƙura. Gwanin kirki kan ja bakinsa ya bari a yi asarar, daga baya ya tambaya, “Malam, ta ina iska take kaɗawa ɗazu?” Wuri ɗaya ne ba ya shiru: inda bakin bindiga ya dosa.

Sannan sabon shiga ya ɗauka harbin ne aikin, kamar mai zaton tuwo daga tuƙi ya fara, ya manta da surfe da tankaɗe. A dazuzzukan da wata dokar Amurka ta 1964 ta keɓe, mota ba ta shiga, ko keke ma. Doka kuma ta hana barin naman ci ya lalace. Sai a feɗe dabbar a inda ta faɗi, a rataye cinyoyi a inuwa su sha iska, a yi ta jigila a baya, sahu bayan sahu. A nan kam gwani kan sa kafaɗa, ya ɗauki cinya guda.